Madalla da Digirin Allah-Ya-Saka

Duk uban da ke fargabar kada dukiya ta lalata masa ɗa, albishirinsa, jami'o'in ƙasar nan sun samo masa laƙani. Ya sayar da shanun huɗa, ya jinginar da fadama, ya tura yaron ya karanto aikin jin daɗin jama'a, karatun nan da ke yaye mutanen da muke ce wa 'yan walfiya. Shekara huɗu ce a takarda, biyar ko shida in an haɗa da yajin aiki. Yaro zai dawo da kwali mai tambarin ruwan zinare, da zuciya mai taushi kamar auduga, da tabbacin cewa har ya koma ga Mahaliccinsa kuɗi ba za su ruɗe shi ba, don ba za su ma haɗu ba. Na auna kwalayen da ake rabawa ranar yaye ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya kai wannan iya tsare mai shi daga fitinar abin duniya ba.

Dubi irin kwanciyar hankalin da ke cikinsa. Hukumar EFCC ba ta san sunan mai wannan digiri ba, ba kuma za ta sani ba. Maroƙa in sun hango shi a gidan biki sai su sassauta kiɗa su jira na bayansa. Dangi ba sa yi masa sammako da takardar magani, sai dai su zo ya raka su wajen wanda zai biya. Hatta wahalar lissafin zakka an ɗauke masa: nisabi yau ana maganar miliyoyin naira ne, shi kuwa asusunsa ba ya ganin goma ga wata da sauran numfashi. In ma aka tsananta bincike, sunansa ya fi kusa da jerin masu karɓa. Wane injiniya, wane lauya, wane akanta ne zai bugi ƙirji da irin wannan tsarki?

Sana'ar kuma tana da asali. A farkon shekarun 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki suka ga yara marasa galihu sun cika titunan Legas, suka ɗora wa wani Bature, Donald Faulkner, aikin kula da su. Daga nan aka sami ofishin walfiya, aka yi dokar yara da matasa ta 1943, irinta ta iso Arewa a 1958. Kafin zuwansu ma ba a duhu muke ba. Birnin Kano na da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, mai unguwa ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, maraya kuwa na dangi ne gaba ɗaya. Da birane suka kumbura, igiyar zumunci ta fara tsinkewa, sai aka ce to a koyar da abin a makaranta. Jami'ar Nsukka ta fara a 1976, daga baya Benin da Kalaba da Jos da Ilorin da wasu suka bi. Kusan shekara hamsin ke nan ana yaye su, kuma a tsawon wannan lokaci gwamnatoci, na soja da na farar hula, sun yi abin a yaba: bakinsu ya zo ɗaya ba tare da sun zauna taro ba, babu wadda ta kuskura ta ɓata sana'ar da albashi.

Saboda zurfin sirrin wannan karatu, har shekarar 2018 fadar shugaban ƙasa ba ta gama gane ko mene ne shi ba. Majalisa ta zartar da ƙudurin kafa hukumar da za ta tsara sana'ar, Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar mata da shi, hujjar da aka bayar ita ce ba a fayyace iyakar aikin ba. Sai a ƙarshen 2022 aka sa hannu. Likitoci da lauyoyi da injiniyoyi sun daɗe da nasu hukumomin, su abinsu a fili yake, yaro ma ya san shi. Na 'yan walfiya ne mai nauyi, sai da ƙasa ta shekara sittin da biyu da samun 'yanci kafin ta yarda cewa aiki ne.

Mu zo ga lissafi, tunda masu son duniya ba sa jin magana sai da alƙaluma. Uba ya sayi fom ɗin JAMB, wataƙila sau biyu. Ya biya rajista shekara huɗu, kuma daga 2023 jami'o'in tarayya da yawa suka ninka kuɗinsu, har a Kano sai da gwamnatin jiha ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 na Jami'ar Bayero, kada su koma gida. Ga ɗakin kwana, ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ga takardun da ake bugawa, ga kuɗin mota zuwa aikin gwaji, domin wannan karatu ba a gama shi a aji. Dole ɗalibi ya je gidan marayu, ya je gidan kangararrun yara, ya je asibitin masu taɓin hankali, duk daga aljihun babansa. Wanda ya shiga a 2019 ya sha yajin aikin wata tara a 2020, ya ƙara da na wata takwas a 2022, kuma ko kwabo ba a caje shi ba a kan wannan ƙarin darasin haƙuri. In uban ya gaza, gwamnati mai tausayi ta buɗe asusun bashin ɗalibai a 2024, babu kuɗin ruwa, sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa za a fara cire kashi goma cikin ɗari na albashi. A nan ma ɗan walfiya ya fi kowa sa'a, domin kashi goma na babu, babu ne.

Sai riba. Shekarar hidimar ƙasa ita ce ganiyar arzikinsa: naira 77,000 duk wata tun daga 2025, abin da ya ɗara mafi ƙarancin albashin ƙasa, 70,000, wanda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024. Sauran masu digiri daga ƙasa suke farawa su yi sama, su yi ta fama da hawan jini da hassadar maƙwabta. Shi daga ƙololuwa yake farawa, ya sauko a hankali cikin natsuwa. Ranar da ya tuɓe kakin hidima, ranar alawus ya tsaya. In ya yi dace, bayan shekara uku ko biyar, wani ɗan majalisa da ya san kawunsa ya sama masa gurbi a ma'aikatar mata da walwalar jama'a, mataki na 8, albashin da in an sayi buhun shinkafa sai a nemi rancen kuɗin cefane. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin Mayun 2023 ta haura dubu. Ofishinsa ba mota, ba babur, wata rana ko takardar rubuta rahoto babu. In aka kira shi cewa an tsinci jariri a bola, ko an kulle yarinya a ɗaki wata uku, da kuɗinsa zai shiga mota ya je. Wannan ma gata ne, an buɗe masa ƙofar sadaka da ba a buɗe wa babban sakatare ba. In ya jure shekara 35 ko ya cika 60, sai ya yi ritaya ya shiga layin 'yan fansho, inda zai tarar da irin tsofaffin da ya gama yi wa hidima, ya zauna cikinsu ba baƙunta.

Ba a bakin wani na ji ba. 'Yar yayata ta yi wannan karatu, kuma na san abin da aka sayar aka biya: sarƙar gwal ɗin uwarta ta aure, da wani ɗan fili a bayan gari. Tana aiki a sashen walfiya na wani babban asibiti, a wani ɗaki can ƙarshen baranda, maƙwabcin inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Aikinta shi ne duk abin da ya gagari allura. Wanda aka sallama amma aka hana shi fita don bai cika kuɗi ba, nata ne. Tsohon da 'ya'yansa suka kawo suka ce bari su je su sayo ruwa, yau kwana goma sha ɗaya, nata ne. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ta zo da ciki, ta ƙi faɗin mai shi saboda mai shin ne ya kawo ta yana tsaye a bakin ƙofa, tata ce. Matar da yoyon fitsari ya raba da miji da dangi, ango mai cutar ƙanjamau da ke tsoron gaya wa amaryarsa, gawar da ba mai ita. Likita ya gama nasa cikin minti goma ya wuce gado na gaba, haka aikinsa yake, ga layi na jiransa. Ita kuwa sai ta ja kujera ta zauna, ta saurara, ta gano yankin su tsohon daga karin harshensa, ta nemi mai unguwa, ta rubuta wa hukumar asibiti a yafe kuɗi, ta bi attajirai ranar Juma'a da cikin azumi da jerin sunaye a hannu. Ta karanta halayyar ɗan Adam, ta karanta doka, ta koyi yadda ake yi wa yaron da aka ci zarafinsa tambaya ba tare da an fama masa ciwo ba, ta koyi gane matar da ta ce faɗuwa ta yi alhali duka ne. Duk wannan ilimi ƙasa ta same shi a farashin gwanjo. Wace ƙasa ce ta iya ciniki kamar tamu?

Ba a kuma bar ta hannu rabbana ba. Ana biyanta da kuɗin da ba ya faɗuwa a kasuwar canji. Kullum tana komawa gida da jaka cike da Allah ya saka da alheri, da Allah ya yi miki albarka 'yar nan, da Allah ya jiƙan mahaifa. Naira ta zame daga wajen 460 zuwa fiye da 1,500 a kan dala ɗaya a 2024, amma Allah-ya-saka na nan daram yadda yake tun zamanin Faulkner. Cikas ɗaya ne: mai gidan haya bai waye ba, har yau ya ƙi karɓarsa, haka mai kanti, haka makarantar yara. Addu'ar talakan nan gaskiya ce, daga zuciya take fitowa, ita kaɗai ya mallaka kuma ita ya bayar, Allah ya karɓa. Jinjinata ga mai riƙe da baitulmali take, wanda ya ji talaka ya yi addu'a ya ce shi ke nan, an biya, ya rufe littafi.

Manyanmu sun yi rabon adalci: sun ɗaukar wa kansu wahalar naira, suka bar wa 'yan walfiya lada. A Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da yake karɓa duk wata na gudanar da ofis ya kai naira miliyan 21. Raba wannan da 70,000, ka sami albashin mutum 300 cif. Sanatoci kuma 109 ne. Ka ji sadaukarwa, mutum ɗaya ya yarda ya ɗauki hisabin mutum ɗari uku don kada ƙananan ma'aikata su sha tambaya ranar gobe. Ma'aikatar jin ƙai da aka kafa a 2019, wadda ya kamata ta zama uwar ɗakin 'yan walfiya, ita ma ta nuna cewa akwai kuɗi a harkar ga wanda bai ɓata lokacinsa wajen karanta ta ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministarta, Betta Edu, kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 cikin asusun ƙashin kai na wata jami'a. Addinin da ake fakewa da shi a ce wannan aikin lada ne, shi bai yarda da wannan ciniki ba. Cikin rukuni takwas na masu cin zakka har da ma'aikatan da ke tattara ta su raba, kuma malamai sun ce ko mawadata ne a ba su, domin hidimar talaka aiki ce, mai aiki kuwa a biya shi. Amma shugabanninmu sun hango abin da malaman fiƙihu ba su hango ba, sun kai mu matakin da ma'aikaci ke ciyar da aikin.

Masana tattalin arziki sun ce abu yakan yi tsada in masu nemansa sun yi yawa shi kuma ya yi ƙaranci. Digirin walfiya ya ƙaryata su, wannan ma abin alfahari ne. Masu buƙatarsa sun fi a ƙirga. Binciken 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin, bayan binciken BBC ya tona yadda yake cin matasa. Miliyoyin yara ba sa makaranta. Rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu, 'yan bindiga sun cika Zamfara da Katsina da Sakkwato da zawarawa da marayu. Kasuwa ta cika maƙil, sai dai duk mai sayen da ya zo aljihunsa a huje yake. Maraya ba ya ba da kwangila. Mai taɓin hankali ba ya tara ƙuri'u. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba ta da ƙungiyar da za ta tafi yajin aiki. Likita ya ajiye aiki, attajiri ma ya ji a jikinsa. Ɗan walfiya ya ajiye aiki, wa zai ji, in ba waɗanda dama ba a jin su ba? Saboda haka kada wani ya ce an yi kuskure a farashin kwalin nan. Mudu bai yi ha'inci ba. Abin da muke biyan mai kula da maraya, shi ne daidai kuɗin da muka yi wa marayan.

A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin makonni kaɗan aka fasa irinsa a Daura, da cikin Katsina, da Zariya. Ƙasa ta ɗauki salati. Abin da ba a tsaya an tambaya ba shi ne, iyayen nan da suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har suna biyan kuɗi, ina kuma za su kai su? Uwa ce ɗanta ya fara shaye-shaye, ya sayar mata da tukunya, ya fara zare mata ido. Ta duba gabas ta duba yamma, ba ofishin da zai karɓe ta, ba ma'aikacin da zai zo gida ya zauna da yaron, ya dawo jibi, ya sake dawowa gata. A lokacin, gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya uku ne a duk faɗin ƙasar, Kaduna da Ilorin da Abeokuta. Sai ta kai shi gidan mari tana kuka. Waɗanda aka shekara huɗu ana koya wa wannan aiki kuwa suna zaune ƙarƙashin lema a bakin titi, suna cire wa mutane kuɗi da na'urar POS. Ƙasa ta yi tsimi, ta adana albashinsu, maƙera suka sami cinikin sarƙa. Na ga hotunan ƙafafun yaran nan, har yau ban manta ba, kuma duk wanda ya ce min babu kuɗin ɗaukar 'yan walfiya, ƙafafun nan nake gani a fuskarsa.

Da annobar korona ta zo a 2020, gwamnonin Arewa suka loda almajirai a motoci, kowa ya mayar wa maƙwabcinsa nasa. Gano gidan su yaro, da auna ko gidan zai iya riƙe shi, da komawa bayan wata uku a ga ko yana nan, shi ne ainihin abin da ake koyarwa a wannan digiri. Amma direban babbar mota ya fi araha, ya kuma fi sauri. Kafin shekara ta zagayo da yawansu sun dawo kan titunan da aka kwashe su, da ƙoƙunansu.

A fagen dokoki kuwa ba a bar mu a baya ba. Ga ta haƙƙin yara ta 2003, ga ta hana cin zarafi ta 2015, ga ta masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019, ga ta lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a farkon 2023. Dukansu ba sa tafiya da ƙafarsu, sai an sami wanda zai shiga gida ya bincika, ya rubuta wa alƙali rahoto, ya bi sawun yaro bayan an tashi daga kotu. An yi wa doki sirdin azurfa, harawa ce kawai aka manta. Sai dai ba za a ce ba a tunawa da su ba. Duk Talata ta uku a watan Maris ranar 'yan walfiya ce ta duniya, a yi musu riga mai rubutu, kwamishina ya aiko wakili ya karanta jawabi ya kira su ƙashin bayan al'umma, a raba ruwan leda, kowa ya nemi kuɗin motar komawa gida.

Wata falalar kuma, sana'ar ba ta da rowa, kowa ma ɗan walfiya ne. Ba wanda za a bari ya shiga ɗakin tiyata da wuƙa don yana da kyakkyawar zuciya, amma lallashin yaron da aka keta wa haddi, wannan ai kowa ya iya. Uwargidan gwamna na da gidauniya, uwargidan ciyaman na da gidauniya, kowace ta zo gidan marayu da katan ɗin taliya da masu ɗaukar hoto uku. Ga kuma sababbin masu jin ƙai na Facebook da TikTok, da za su kafa wa bazawara waya a fuska tana kuka, a nuna ɗakinta da ya rufta da 'ya'yanta ba riga, a rubuta lambar asusu a ƙasa. Akwai masu gaskiya a cikinsu, sun share hawaye da yawa, kuma da gwamnati ta yi nata da ba a kai ga haka ba. Shi mai digiri, darasin farko da aka koya masa shi ne rufin asiri: kada ka nuna fuskar wanda ka taimaka, kada ka faɗi sunansa, kada labarinsa ya bi ka gida. Wato jami'a ta karɓi kuɗin babansa ta koya masa toshe hanya ɗaya tilo da kuɗi ke shigowa a harkar. In wannan ba tarbiyya ba ce, a gaya min mece ce.

An taɓa shiga wani ɗan lokaci da sana'ar ta kusa lalacewa. Daga wajen 2015 ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka cika Maiduguri da Damaturu da Yola, suna neman masu kula da yaran da suka rabu da iyayensu da matan da suka kuɓuto daga daji. Suka riƙa biyan albashin da ake iya aure da shi. Kwangila ce ta wata shida ko shekara, aiki ne kuma na sai da rai, harin Rann na Maris ɗin 2018 ma'aikatan agaji ya ci. Duk da haka wasu 'yan walfiya har sun fara taya fili, abin ya kusa zama fitina. Sai ga Shugaba Trump a Janairun 2025 ya dakatar da tallafin Amurka, hukumar USAID ta nannaɗe tabarma, ofisoshi suka yi ta sallamar ma'aikata. Gwamnatocinmu, da suka shekara goma suna kallon baƙi na biyan masu kula da marayunmu, ba su yi garajen karɓar nauyin ba. Babba ba ya gaggawa.

Wanda ya kasa jure wannan ni'ima, hanyar Ingila na nan ga mai hali. Can, kwalin da a nan ba ya ciyar da gida, in hukumar rajistar 'yan walfiya ta amince da shi, ƙaramar hukuma za ta ɗauki mai shi a kan fam dubu talatin da wani abu a shekara. Su ma can kuka suke cewa aikin ya fi albashin nauyi, a Amurka ma digirin farko a wannan fanni ba ya kai mutum ko'ina sai ya ƙara da na biyu. Ashe raina mai kula da raunana ba mu muka ƙirƙiro shi ba, mun dai kai shi inda ba wanda ya kai. Ga kuma karamci: shanun huɗar talakan Najeriya su biya kuɗin horo, tsofaffin Birmingham da yaran Manchester su ci moriya. Mu ke tallafa wa Ingila, ko gori ba ma yi.

Wanda bai sami biza ba, bai kuma san sanata ba, shi ma karatunsa bai faɗi ƙasa banza ba. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa shirin gyaran tarbiyya a Kano mai suna A Daidaita Sahu. Shirin ya tafi, sunan ya zauna a jikin babur mai ƙafa uku. Yau in ka shiga ɗaya ka ji direban na magana a natse, yana sasanta fasinja biyu da ke rigimar canji, yana tambayar yaron da ke bara a danja garinsu da sunan malaminsa, kada ka yi mamaki. An koya masa daidaita sahun al'umma, ga shi yana daidaitawa, yana kai wa mai babur balas kowace yamma.

Makon jiya na biya ta wajen 'yar yayata da la'asar. Na tarar ta gano garin su tsohon nan da 'ya'yansa suka tafi sayo ruwa, wani ƙauye ne da sai an sauka a mota an hau babur. 'Ya'yan sun kashe wayoyinsu, amma ta sami ƙanwarsa, tsohuwa tukuf, ta zo da ɗan jikanta yana riƙe mata hannu. An yafe kuɗin gado bayan takarda uku da sintiri na mako guda. Da za su fita tsohuwar ta kwance bakin zaninta ta ciro gyaɗa soyayya, ba ta fi cikin tafi biyu ba, ta ajiye a kan tebur.

"'Yar nan, ga wannan ba yawa, ki kai wa yara."

"Haba Iya, ki bar shi, ku ci a hanya."

"A'a, sai kin karɓa. Kin yi mana abin da na cikinsa ba su yi ba."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta rubuta lambar wayarta a takarda ta sa wa yaron a aljihu, ta ce in jikin Baba ya motsa ya kira ta ko da dare ne. Bayan sun fita ta kulle durowa, ta zuba min rabin gyaɗar a hannu, muka taka zuwa bakin titi. Ashirin da uku ga wata ne. Sai da muka kusa rabuwa ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, ko da dubu ɗaya a jikinka? Gobe da sassafe nake so in raka su tasha, tsohon ba zai iya hawa mota shi kaɗai ba."